Jirgin alminiyam ba ya kumbura: gaskiya da ƙarya kan toshe yoyo

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa, a Yawuri ko Baga ko gefen tafkin Kainji, ya san sabon jirgin katako yakan tsatso ruwa a kwanakin farko, daga baya ya daina. Katakon ne ya sha ruwa ya kumbura, allunan suka matse juna. Saboda haka idan dattijo mai fito ya ce maka a bar jirgi cikin ruwa zai kama kansa, ba ƙarya ya yi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yanzu har jirgin alminiyam ake yi wa wannan fatawa. Alminiyam ba ya shan ruwa, balle ya kumbura. Kafar da ke ɗiga yau gobe tsiyaya za ta yi, don dukan igiyar ruwa da girgizar inji kullum ƙara buɗe ta suke.

Yawancin abin da ake yaɗawa kan gyaran irin wannan jirgi haka yake. Gaskiya ce aka aro daga katako, ko daga baƙin ƙarfe, ko daga tukunyar girki, aka jingina wa abin da ba nata ba.

Ɗauki maganar neman inda yake yoyo. Ana cewa a fitar da shi tudu, a cika shi da ruwa, a duba inda ke ɗiga ta ƙasa. Dabarar daidai ce, kalmar "cika" ce ke kashe jirgi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da cikinsa ya kai mita 4 a tsawo da mita ɗaya da rabi a faɗi, in ka zuba masa ruwa mai zurfin santimita 10 kacal, ka ɗora masa kilo 600, jarka 24 ke nan ta masu lita 25. An ƙera shi ne ruwa ya tallafe shi ta waje, ba ya ɗauki ruwa a ciki yana kan tayoyi biyu ba. Ɗan ruwa kaɗan ya isa. A karkata shi gefe guda, mutum ya kwanta ƙasa da alli a hannu yana zagaye duk wurin da ya ga ya jiƙe, sannan a juya ɗaya gefen. Ko kuma a busar da cikinsa ƙarau, a tura shi ruwa, a zauna ana kallo. Akwai wata alama da ba ta ƙarya: ribit, wato ƙusar da ke haɗa faifan jikin jirgin, in ya saki yakan yi baƙin zobe a kewayensa, kamar an shafa masa kwalli, garin alminiyam ne da gogayya ta niƙe.

Su kansu ribit ɗin an yi musu ƙazafi. Wai jirgi mai ribit na wasan yara ne, na gaske shi ne mai walda. To, da ribit ake haɗa jikin jirgin sama, kuma kamfanin Grumman na Amurka, da ya ƙera jiragen yaƙi, da wannan fasahar ya fara fitar da kwalekwalen alminiyam a 1945. Ribit na sakewa, wannan gaskiya ne, amma gyaransa shi ne mafi arha a duk sana'ar. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya danna dunƙulen ƙarfe mai nauyi a kan ribit ɗin ta gefe guda, ɗayan ya riƙa bugun ɗaya kan da guduma a hankali, bugu uku ko huɗu, a tsaya a duba. Za ka ji ƙarar ta sauya daga kwaram-kwaram zuwa sauti mai tauri. Wanda ya zage ƙarfi ya narka masa duka, faifan zai miƙe, ramin ya ƙara faɗi. Idan ribit ya ci ya ƙare, a huda shi a cire, a sa sabo na alminiyam zalla, wanda ya ɗan fi tsohon kauri in ramin ya buɗe. Ribit ɗin bindiga da masu haɗa tagogi ke amfani da shi kuwa akwai kafa a tsakiyarsa, ruwa na bi, kuma sau da yawa guntun baƙin ƙarfe na maƙale a ciki. In dole sai na bindiga, a nemi mai rufaffen gindi.

Babbar jita-jitar ita ce ta walda: wai ita ce gyaran dindindin, duk wani abu ɓata lokaci ne. A nan aka fi yin gyaran gangar Abzinawa. Alminiyam na narkewa a wajen digiri 660 na Salshiyas. Amma da zarar iska ta taɓa shi yakan yi wata 'yar fata a sama, siririya, ido ba ya ganinta, ita kuwa ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Ga shi kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi. Mai waldar da ya saba da ƙofofi da gadaje yana nan yana jiran ya ga ja, ƙarfen ya riga ya zama ruwa a ƙarƙashin fatar, sai kawai wurin ya rufta. Ya zo toshe kafar allura, ya bar ramin da yatsa zai shiga. Shi ya sa ake yin waldar alminiyam da iskar argon da injin da ke iya fasa waccan fatar, da sandar ciko da ta dace, galibi mai lamba 5356 ga faifan jiragen ruwa irin su 5052 da 5083 da 5086.

Ko da gwani ne, ba kowane jirgi ke son wuta ba. Mai kauri wanda tun asali da walda aka haɗa shi, walda ce maganinsa, babu ja. Mai ribit kuwa faifansa sau da yawa bai wuce milimita 2 ba. Zafi na gudu a jikin alminiyam da sauri, ya lanƙwasa faifan, ya ƙona abin liƙin da aka shimfiɗa tsakanin haɗe-haɗe, ya sassauta ribit ɗin da ke kusa, ya kuma tausasa ƙarfen da ke gefen waldar. Bayan 'yan watanni sai tsaga ta fito, ba a kan waldar ba, a gefenta. In akwai soson hana nutsewa a ƙarƙashin kujeru, ko tankin mai a kusa, to batun ya wuce na yoyo. Tsaga a siririn faifai faci take so: a huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya, a yanko faifai iri ɗaya mai kauri ɗaya, a shafa abin liƙi, a ɗaure da ribit. Ba kwanon rufi ba, wanda bai kai milimita ɗaya ba.

Sai rikicin suna. Mun saba cewa "tukunyar dalma" alhali alminiyam ce, shi ya sa wasu ke zaton dalmar da mai gyaran rediyo ke liƙi da ita za ta kama jirgi. Ba ta kamawa, waccan fatar ba ta barinta, sai ta dunƙule ta gangare. Narkakken ƙarfen masu zubin tukwane ma ba abin sa wa jirgi ba ne, tarkacen fistin da gwangwanaye ne, babu wanda ya san abin da ke ciki.

Gam fa? Masu cewa ba ya aiki da masu cewa yana maganin komai duk sun kauce. Gam mai haɗi biyu, dangin Araldite, yana toshe ƙananan kafofi da kewayen ribit, in an samu irin da ke ɗan lanƙwasuwa bayan ya bushe, don jikin jirgi motsi yake yi. Mai bushewa cikin minti biyar yakan yi tauri ya ɓantare. Kuma kusan duk gam ɗin da ya saki, shiri ne bai yi ba: wurin ya bushe, a wanke maiƙo, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a shafa nan take. Silikon mai warin tsami da ake sa wa gilashi ba ya daɗewa a ƙarƙashin ruwa, kuma in ya ɓare yakan bar santsin da wani gam ba zai kama ba. Abin liƙin jiragen ruwa irin 3M 5200 ya fi shi nesa ba kusa ba, sai dai yakan ɗauki har kwana bakwai kafin ya gama kamawa, mai gaggawar komawa fito ya sani. Kwalta ta katako ce, a jikin ƙarfe rana na narka ta, sanyi na fasa ta. Sabulu zai iya kai ka gaɓa, iyakarsa ke nan. Siminti kuwa ɗanyensa cin alminiyam yake, kamar yadda sodar masu sabulu ke cinsa.

Wannan ya kawo mu ga maganar da masu sayarwa suka fi so: alminiyam ba ya tsatsa. Ba ya yin jar tsatsa, haka ne. Amma yana ruɓewa, da farin gari kamar toka da ƙananan ramuka kamar cin gara. Ruwa ba ya tsami banza: in ka ga irin waɗannan ramuka, nemi wani ƙarfe a kusa. Duk inda alminiyam ya haɗu da tagulla ko baƙin ƙarfe cikin danshi, sai su zama kamar batir, kuma alminiyam ne ke biyan bashin. Guntuwar wayar lantarki da ta faɗa ƙarƙashin dandamali, ƙugiyar kifi, noti, ko burushin baƙar waya da aka goge wurin da shi ya bar ɓurɓushi, duk suna iya fara aikin. Fentin hana gansakuka mai tagulla a ciki ma haka, da katakon da aka jiƙa da maganin gara mai tagulla, da maƙala wayar batir a jikin jirgi kamar yadda ake yi wa mota. A ruwan gishiri abin ya fi sauri, amma ruwan daɗi bai hana ba. Don haka ne ake ɗaura wani guntun ƙarfe a jikin inji ko jirgi don shi ya ruɓe a madadinsu, zinki a teku, magniziyam a kogi. Masu ɗaukar 'yan haƙar zinare kuma su kula da zaiba. In ta zube ta samu wurin da ya karce, tana shiga ƙarfen ta yi ta cinsa, shi ya sa kamfanonin jiragen sama ke tsananta doka a kanta.

Akwai yoyon da toshe shi yaudarar kai ne. Tsagar da ke kusurwar allon baya, inda ake rataye inji, ko wadda ke bin haƙarƙarin jirgi, ko wadda aka gyara sau biyu ta dawo, ba fata ce ta huje ba, ƙashi ne ya gaji. Sau da yawa katakon da ke cikin allon bayan ne ya ruɓe, ko inji ya fi ƙarfin jirgin. Ka kama ƙafar injin ka ɗaga ta sama da ƙasa kana kallon kusurwar. In tsagar na buɗewa tana rufewa kamar bakin kifi, sauke injin, a buɗe allon a ga abin da ke ciki kafin wani ya sake hawa.