Dalilin Mutuwar Kifi Da Bazara

Duk wanda ya tashi a garin da ke kusa da fadama ya san wannan abu. Wata rana cikin tsakiyar bazara, ko kuwa kashegarin ruwan farko, sai a wayi gari a tarar da kifi birjik bisa tafki, waɗansu sun juya ciki sama, waɗansu sun ɗago baki suna haki. Nan da nan sai magana ta tashi. Wannan ya ce guba aka zuba, wancan ya ce aikin mutanen ƙetare ne, wani kuwa ya ce aljanun ruwa aka saɓa wa. Sau da yawa zumunci ya kan ɓaci a kan abin da ba hannun kowa a ciki. Tun da ya ke yawancinmu aikin malanta za mu yi, kuma mu za a riƙa tambaya a ƙauyuka, ya kamata mu san asalin abin, gama ruwa ba ya tsami banza.

Da fari dai sai mu tuna kifi ma numfashi ya ke yi. Cikin iskar da mu ke shaƙa, kashi 21 bisa 100 wata iri ce da masana ke kira oksijin, wadda wani mutumin Ingila, Joseph Priestley, ya ware a shekarar 1774. Ita ce ke riƙe da ran mutum da dabba. Kaɗan daga cikinta ta kan narke cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa, kifi kuwa ya tsotse ta da jajayen naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, waɗanda su ne huhunsa. Amma rabonsa ƙanƙane ne ƙwarai. Abin da ke cikin kwalba guda ta iska ya ninka na kwalba guda ta ruwa kusan sau 30.

To, zafi ya kan rage wannan ɗan rabo. Kowa na iya gwadawa da kansa. A ɗora tukunyar ruwa bisa wuta, tun kafin ya tafasa za a ga waɗansu 'yan ƙwayoyin iska sun lilliƙe a jikin tukunya, watau iskar da ke ciki ce ta fara gudu. Masana sun auna, sun ga lita guda ta ruwa mai sanyin ƙanƙara ta kan riƙe oksijin wajen miligiram 14 da rabi. A digiri 20 sai 9, a digiri 30 kuwa 7 da rabi kaɗai.

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma jinin kifi ba shi da ɗumi na kansa kamar namu. Shi da ƙadangare duk hali guda, yadda wurin zamansu ya ke haka jikinsu ya ke. In ruwa ya ƙara zafi da digiri 10, aikin jikin kifi ya kan kusa ninkawa biyu, bukatarsa ta iska ita ma haka. Ashe zafi ta fuska biyu ya ke cin kifi: ya rage masa guzuri, sa'an nan ya ƙara masa yunwa.

Me ya sa kuwa mutuwar ta fi yawa da asuba? Gansakuka da ciyayin ruwa su kan saki oksijin muddin da rana. In dare ya yi sai su daina bayarwa, su koma sha tare da kifi, har wayewar gari ta tarar da tafki ya kusa ƙarewa. Ruwan farko kuma ya kan kwaso kashin shanu da ganye da juji ya zuba a ciki, ƙwayoyin da ke ruɓar da su su shanye iskar. Har wa yau, iskar hadari da sanyin ruwan sama su kan birkita tafki, ruwan ƙasa wanda ba kome a cikinsa ya gauraye da na sama. Ba a ƙasarmu kaɗai a ke ganin haka ba. A watan Maris na 2023 miliyoyin kifi suka mutu a kogin Darling, kusa da garin Menindee na ƙasar Ostareliya, sa'ad da zafi mai tsanani ya biyo bayan ambaliya, oksijin ya ƙaranta.

Yanzu bari mu duba abin da ke faruwa cikin jikin kifin. Masu kiwo su kan so kada oksijin ya gaza miligiram 5 a lita, in ya sauka ƙasa da 2 kuwa yawancin kifaye sun shiga uku. Murfin kumatu ya yi ta bugawa da sauri, saifa ta saki jajayen ƙwayoyin jini da ta ajiye domin su taya ɗaukar iska, kifi ya bar cin abinci, ya hau sama inda ruwa ke taɓa iska. Jikinsa kuma ya saki wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke tura sukari cikin jini domin a sami ƙarfin fita daga wahala.

A nan ne babbar ɓarna ta ke, wadda ido ba ya gani. Allah ya yi wa kifi masu tsaro: yauƙin nan da ke sa shi santsi shi ne ganuwarsa, fararen ƙwayoyin jini su ne dakarunsa. Kotisol in ya daɗe cikin jini ya kan raunana aikin dakarun nan, kamar garin da yunwa ta sa ya sallami masu tsaron ƙofa. Ƙwayoyin cuta kuwa dā ma suna nan cikin ruwa, kuma ɗumi ya kan sa su hayayyafa da sauri. Shi ya sa kifin da ya tsira ran da abin ya faru, bayan 'yan kwanaki sai a ga jajayen gyambuna a jikinsa, mutuwa ta sake tashi. Mai kifi ya ce annoba ce sabuwa, alhali kuwa ragowar wancan dare ce.

Sanyi ma da nasa laifi. Ruwan hunturu ya fi riƙe iska, amma dakarun jikin kifi su kan yi sanyin jiki, maganin cuta da jiki ke haɗawa ya yi jinkirin fitowa. Karfasa in ruwa ya gaza digiri 20 cinta ya kan ragu, a wajen 11 ko 12 kuwa ta kan mutu. Lokacin ne a kan ga wata farar funfuna kamar auduga ta kama kifin da ya ji rauni.

Ba dukan kifaye ne ƙarfinsu ɗaya ba. Giwan ruwa ba ta jimre ƙarancin iska. Tarwaɗa tana da wani nama mai rassa bisa huhunta wanda ta ke shaƙar iskar sarari da shi, don haka ta kan rayu cikin taɓon da ya kashe sauran. Gaiwa kuwa huhu gare ta sosai, ta shige laka ta yi watanni har damina ta dawo. Mutanenmu su kan ce jikinta ta ke ci, masana kuma sun tabbatar haka ne.

Wannan bambanci shi zai taimake mu raba gardama. In ƙarancin iska ne, mutuwar da dare ko asuba ta ke, manya su kan riga ƙanana, tarwaɗa ta tsira. In guba ce, ba ta zaɓen lokaci, ƙanana su kan fara faɗuwa, sau da yawa har da kwaɗi da sauran 'yan ruwa. Ko wanne ne dai, kada a ci kifin da aka tsinta matacce ba a san sanadinsa ba.

Ga masu kiwo kuwa, shawararmu ita ce su riƙa duba kifinsu da asuba, kada su cunkusa shi da yawa a wuri guda, kada su ba shi abinci in sun ga yana haki, gama narkar da abinci ma iska ya ke ci. Su ƙara sabon ruwa, su kwararo shi daga sama domin ya kwaso iska, su bar kamu da jigila da tsakar rana.

In mun koma garuruwanmu, mu kai yara bakin tafki da asuba su gani da idonsu, domin gobe in abin ya auku su nemi dalili kafin su nemi mai laifi. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.