Wake, Gyaɗa da Ganye: Yadda Gida Zai Ƙoshi Ba Tare da Nama Ba

A yawancin gidajenmu da yawan tsoka ake auna darajar miya. Maigidan da ya dawo daga cefane babu ƙunshin nama yakan shigo jiki a sanyaye, uwargida kuma ta ɗora tukunya kamar wadda aka tilasta. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 irin waɗannan ranaku suka yawaita, har ta kai a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Gidajen da suka saba da nama kullum sun koma ganinsa ranar Juma'a, wasu ma sai a gidan suna ko lokacin Babbar Sallah. Amma rashin nama shi kaɗai ba ya ramar da mutum, ba ya kuma kwantar da shi ciwo. Inda cutar take shi ne a cire nama a bar gurbinsa wayam, a cika ciki da tsurar taliya ko farar shinkafa da mai da yaji. Gidan da ya san abin da zai sa a wannan gurbi zai ci ya ƙoshi, lafiyarsa ta inganta, kuɗin cefanensa kuma ya yi albarka.

Babban abin da jiki ke nema a nama shi ne furotin, sinadarin da ke gina tsoka da fata da jini, yake kuma gyara abin da ya lalace. Baligi mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50 na furotin a rana. Kilo guda na jan nama zalla, wanda babu ƙashi babu kitse, yana ɗauke da kimanin giram 200, alhali kilo guda na busasshen wake yana da wajen giram 230, gyaɗa wajen giram 250, waken suya kuwa ya haura giram 350. Kowa ya san mahauci ba ya ba da tsoka zalla, sai ya haɗa da ƙashi da jijiya da kitse, don haka abin da ke isa tukunya bai kai wancan lissafi ba. In aka sayi naman ɗan kuɗi kaɗan aka raba wa mutum takwas, kowa ya tashi da yanka guda, ƙamshi da kwanciyar hankali aka saya, jiki bai samu wani abin kirki ba. Da wannan kuɗi aka zuba a wake, da kowa ya samu ninkin abin da ya samu. Kuma ba daga wata uwa duniya za a kawo waken ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman farin wake, Nijar na bi mata, kuma daga gonakin ƙasar Hausa mafi yawansa ke fitowa kafin ya bi ta kasuwanni irin su Dawanau ya bazu.

Masu cewa furotin ɗin tsirrai bai kai na nama ba suna da gaskiya ta wani ɓangare. Furotin tamkar gini ne da aka yi da tubala iri 20, tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Nama da ƙwai da nono suna kawo duka taran daidai gwargwado. Gero da dawa da masara da shinkafa suna da ƙarancin guda mai suna laisin, wake kuma yana da shi a wadace, sai dai ya gaza a wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Da zarar an haɗa hatsi da wake, kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa, kuma ba lallai sai a kwano ɗaya ba, muddin an ci su a yini guda. Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma a kan wannan haɗi suka gina girkinsu: koko da ƙosai, shinkafa da wake, ɗanwake, alala da kunu, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, fura da nono. Awara, wadda ta zama ruwan dare a unguwanninmu, ta shiga wannan sahu. Sharaɗin kawai shi ne waken ya zama da yawa. Wake yana shan ruwa ya kumbura idan ya dahu, saboda haka garau-garau ɗin da sai an tona kafin a ga ƙwayar wake shinkafa ce kawai. Gwangwanin wake ɗaya ga gwangwani biyu na shinkafa ma'auni ne mai kyau.

Sai batun ɗanɗano, wanda a nan ne mata da yawa ke karaya, suna ganin miyar da babu romo lami ce. Miyar taushe ta isa amsa. A soya albasa a ɗan mai har ta yi ja, a zuba jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir, a daka daddawa da citta da masoro da tafarnuwa a zuba, a bar su su soyu har ƙamshi ya tashi kafin a tsai da ruwa. A yanka kabewa ta dahu ta narke, a kawo markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta ba miyar kauri, sannan a ƙarshe a watsa alayyahu da 'yar yakuwa, a sauke tun ganyen yana kore shar. Wanda ya ci wannan da tuwo ko waina ba zai tsaya laluben tsoka ba. Daddawar kalwa ita ke riƙe irin wannan miya, domin ruɓar da aka yi mata ta fito da irin ɗanɗanon da ake nema a romo, ga kuma nata furotin. Haka miyar wake, miyar agushi, miyar riɗi, da kuka ko kuɓewar da aka sa wa dakakken wake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma ba sai da tuffa ko inabi za a cika wannan ba. Kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, kabeji, karas, yalo, gwaba da mangwaro a lokacinsu duk suna cikin lissafi.

Ribar wannan ci ba ta tsaya a aljihu ba. Wake da hatsin da ba a cire masa dusa gaba ɗaya ba suna narkewa a hankali, don haka ba sa harba sukari cikin jini lokaci guda kamar farin burodi da lemon kwalba, suna riƙe ciki, suna kuma sauƙaƙa bayan gida. Wannan abin lura ne a zamanin da ciwon suga da hawan jini suka shiga kusan kowace zuri'a. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya naman da aka sarrafa, irin na gwangwani, cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasa ta. Gargaɗin ya fi shafar masu cin nama safe da yamma, amma ya nuna cewa yawan nama ba shi ne alamar lafiya ba. Sai dai kada a ɗauka duk abin da babu nama lafiyayye ne. Awara da ƙosan da aka soya a man da ya yi baƙi don maimaici, da miyar da aka antaya wa dunƙule biyar, suna da tasu illar. Gishirin da hukumar ta yarda baligi ya ci a rana bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙule.

Akwai abu biyu da nama ke bayarwa waɗanda dole a yi musu tanadi. Na farko bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, kuma ba a dogara da tsirrai wajen samunsa. Nono da kindirmo da cuku da ƙwai suna da shi, shi ya sa wanda ya bar nama amma yana shan fura da nono, yana cin ƙwai a kai a kai, ba shi da babbar fargaba. Wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba kuwa sai ya riƙa shan ƙwayar bitamin ɗin. Na biyu sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wake da ganye suna da shi, amma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Abin da ke taimakawa shi ne bitamin C: a matsa lemon tsami a kan kwaɗo ko faten wake, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai, a ci lemo ko gwaba bayan abinci. Baƙin shayi kuma yana hana zuƙar ƙarfen, don haka a ba shi tazarar sa'a guda daga cin abinci. Mai juna biyu dai ta je awo ta sha maganin ƙarin jinin da aka ba ta, ko tana cin nama ko ba ta ci.

Yara ƙanana su ne ake yi wa tsoro, kuma tsoron yana kan hanya, domin cikinsu ƙarami ne, tsararon koko kuwa yana cika shi ba tare da ya gina komai ba. Bayan wata shida na nonon uwa zalla, kunun yaro na buƙatar ƙarfafawa. Ma'aikatan lafiya suna koya wa iyaye mata haɗin gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a niƙa a riƙa damawa. In da hali a ƙara ƙwai ko madara. Abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibitoci, wanda ya yi suna a yankin Maraɗi lokacin ƙarancin abinci na 2005, babu nama a cikinsa ko kaɗan. Gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari da ƙarin bitamin, kuma da shi aka ceto dubban yara.

Wasu za su ce wake yana kumbura ciki, yana kuma cin itace ko gas. Maganin duka biyun guda ne: a jiƙa shi tun dare, da safe a zubar da ruwan a sake wani. Jiƙon yana rage sinadaran da ke tara iska, yana kuma rage lokacin dahuwa. Surfe shi ma yana taimakawa, kuma ciki yana sabawa idan aka riƙa ƙara yawansa sannu a hankali. Kanwa tana nunar da wake da wuri, amma tana kashe wasu bitamin, tana kuma ƙara wa jiki gishiri, don haka a taƙaita ta. Wasu kuma za su ce ai waken ma ya yi tsada, kuma haka aka yi a 2024, lokacin da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Duk da haka kuɗin da zai ba gida furotin daga wake bai kai wanda zai ba shi daga nama ba, ga shi wake yana ajiyuwa ba tare da firji ba. Mai hali ya saya da kaka, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su raba buhu. Wajen ajiya a guji zuba maganin ƙwari, domin saboda ragowar irin wannan guba Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Buhu mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko jarkar da aka cika aka toshe bakinta ruf, suna kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska. Gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna kuwa a zubar, domin gubar da ke cikinsu tana lalata hanta.

Abin da ya rage shi ne kunya, kuma ita ce ta fi sauran nauyi. Ana jin nauyin a ajiye wa baƙo faten wake, ana tsoron maƙwabta su ce gidan wane an kwana biyu ba a ga mahauci ba. Babu wanda ke cewa a haramta abin da Allah ya halatta. Nama ni'ima ce, layya ibada ce, wanda ya samu ya ci ya gode. A Indiya miliyoyin mutane suna rayuwa tun daga haihuwa har tsufa a kan shinkafa da alkama da dangin wake da madara saboda addininsu, cikinsu har da attajirai da manoma masu aikin ƙarfi. Mu dalilinmu daban ne, amma jikin ɗan Adam iri ɗaya ne. Cin bashi don a ga tsoka a miya, alhali yara suna kwana da tsurar taliya, ba dabara ba ce, kuma masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Magidanta da iyaye mata su zauna su sake lissafin cefane: a tabbatar kullum akwai wake ko gyaɗa ko waken suya a tukunya, akwai ganye a miya, akwai nono ko ƙwai ga yara gwargwadon hali. In an cika waɗannan, ranar da nama ya samu a ci da farin ciki, ranar da bai samu ba kuma babu abin da gidan ya rasa.