Rana Ɗaya, Baki Daban-daban: Yadda Sinawa Ke Shiga Sabuwar Shekara

Duk ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Guangzhou ko Yiwu ya san cewa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu harka takan tsaya cik. Masana'antu su rufe, masu aikin lodi su watse, wanda ake ciniki da shi ya ce a yi haƙuri sai bayan biki. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne ranar bikin ba ta zama wuri ɗaya. A 2023 ta faɗo ranar 22 ga Janairu, a 2024 ranar 10 ga Fabrairu, a 2025 ranar 29 ga Janairu, a 2026 kuma ranar 17 ga Fabrairu. Tana kai da komo, amma ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Bari mu fara da dalilin haka.

Watan Sinawa kwana 29 ne ko 30, kamar na Hijira, don haka wata goma sha biyu suna ba da kwana 354 ko kusa da haka. Ke nan shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. A lissafin Musulunci ana barin wannan giɓi yadda yake, shi ya sa azumi ke zagayawa daga damina zuwa bazara zuwa hunturu. Sinawa kuwa manoma ne suka gina kalandarsu, kuma manomi yana so wata ya faɗa masa lokacin shuka. Saboda haka idan giɓin ya taru ya kai wata guda, sai su maimaita ɗaya daga cikin watannin, shekarar ta zama mai wata 13. Ana yin haka sau bakwai a cikin kowace shekara 19. A 2023 wata na biyu aka maimaita, a 2025 kuma na shida. Ƙa'idar da ke riƙe da lissafin ita ce dole rana mafi gajarta a shekara, wadda ke zuwa wajen 21 ko 22 ga Disamba, ta faɗo cikin wata na goma sha ɗaya. Daga nan galibi haihuwar wata ta biyu ita ce sabuwar shekara.

Akwai wani bambancin kuma. Su ba sa fita duban jinjirin wata. Watansu yana kamawa ne a ranar da wata ya shiga tsakanin duniya da rana, lokacin da ido ba ya iya ganinsa, kuma cibiyar nazarin taurari da ke birnin Nanjing ce ke fitar da lissafin. Don haka watansu kan riga namu da kwana ɗaya ko biyu. An ga haka a 2026, inda suka shiga sabuwar shekara ranar 17 ga Fabrairu, Musulmin duniya kuma suka ɗauki azumi kwana ɗaya zuwa biyu bayanta.

Tun 1912 hukumar ƙasar Sin ta koma amfani da kalandar Miladiyya, tsohuwar kuma ta zama ta bukukuwa. Bikin da ake kira Chunjie, wato bikin shigowar yanayin tsiro, kwana 15 ne, yana ƙarewa da daren fitilu. Kafinsa ana share gida tsaf, a biya basussuka, a manna jajayen takardu masu ɗauke da fatan alheri a ƙofa. A daren jajibiri iyali su haɗu su ci abinci tare, kuma saboda wannan cin abinci ne ɗaruruwan miliyoyin ma'aikata ke barin birane su nufi garuruwansu, a wata zirga-zirga ta kwana 40. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

Har zuwa nan ƙasar gaba ɗaya tana tafiya tare. Rabuwa tana farawa ne idan aka buɗe baki.

Abin da muke kira Sinanci tarin harsuna ne da masu su ba sa jin juna. Mandarin, harshen arewa da Beijing, shi ne na makaranta da gwamnati. Kantonis na lardin Guangdong ne da Hong Kong da Makau, masu magana da shi kimanin miliyan 80. Hokkiyen na kudancin lardin Fujian ne da Taiwan da Sinawa da yawa a Singafo da Penang da Manila. Akwai kuma harshen mutanen Shanghai, da Hakka, da wasu. Abin da ya haɗa su rubutu ne, domin alamar rubutun Sinanci ma'ana take ɗauke da ita, kowa kuma ya furta ta da bakin garinsu. Gaisuwar fatan arziki ta bikin alamomi huɗu ce a takarda. Mutumin Beijing zai karanta su gong xi fa cai, na Hong Kong ya ce kung hei fat choi, na Penang ya ce kiong hi huat chai.

Me ya haɗa wannan da al'ada? Kalmomin waɗannan harsuna gajeru ne, da yawa gaɓa ɗaya tal, kuma karin sauti ne ke rarrabe su, kamar yadda Bahaushe ke raba kukan jariri da bishiyar kuka. Mandarin yana da karin sauti huɗu, Kantonis shida. Duk da haka kalmomin da ke kama da juna a kunne sun yi yawa ƙwarai, kuma a kan wannan kamanni aka gina da yawa daga cikin al'adun bikin. Kifi a Mandarin yu ne, rara ma yu, shi ya sa ake kawo kifi a daren jajibiri kuma ba a cinye shi, don a wayi gari da rara. Ana manna alamar sa'a a kife, saboda kifewa da isowa duk dao ne. Ana gudun lamba 4 domin tana kama da mutuwa, ana rububin 8 domin tana kama da arziki.

To, tunda al'adar a kan sauti take tsaye, idan sauti ya canza ita ma sai ta canza. A Taiwan da Singafo ba a biki babu abarba, domin a Hokkiyen sunanta ong lai, kusan daidai da cewa arziki na tafe. Sunanta a Mandarin bai yi kama da komai ba, don haka mutumin Beijing abarba kawai yake gani. Masu Hokkiyen suna kuma jingina rake a ƙofa a daren shiga kwana na tara, domin sunansa kam chia ya yi kusa da kam sia, wato godiya. Masu Kantonis sun fi kowa nisa a wannan wasa. Latas a bakinsu yana kama da haifar dukiya, jatan lande sunansa ha kamar sautin dariya, busasshiyar kawa tana kama da ciniki mai kyau, ƙananan lemo kuma suna kama da sa'a, shi ya sa shagunan Guangzhou ke cika da tukwanen bishiyar lemo a lokacin. Suna kuma guje wa sayen takalmi a kwanakin biki, domin sunansa haai ya yi kama da ajiyar zuciyar mai damuwa. A ganina wannan ya fi kusa da raha da kyautata zato fiye da tsafi, ko da yake tsofaffi da ’yan kasuwa ba sa ɗaukarsa da wasa.

Wani bambancin gona ce ta kawo shi. Arewa ƙasar alkama ce, don haka abincin daren jajibiri shi ne jiaozi, ƙullun alkama da aka naɗe nama da ganye a ciki, mai siffar curin azurfar da ake ciniki da shi a da. Kudu ƙasar shinkafa ce, abincinsu niangao, wani tuwon shinkafa mai danƙo wanda sunansa ke kama da ɗaukaka shekara bayan shekara. Ko ranar fara shirye-shirye ba ɗaya ba ce: arewa 23 ga watan ƙarshe, yawancin kudu 24. Jan ambulan na kuɗi da ake ba yara, irin barka da sallarmu, hongbao ne a Mandarin, lai si a Kantonis, ang pau a Hokkiyen. A Guangdong kuɗin kaɗan ne amma ana rabawa ko'ina, har ga maigadi da ma'aikacin shago, kuma duk mai aure yana ba wanda bai yi ba, komai gemunsa.

Bambancin arewa da kudu har siyasa yana taɓawa. Tun 1983 gidan talabijin na ƙasa ke gabatar da babban shirin daren jajibiri, kusan duka da Mandarin, kuma an daɗe ana lura cewa mutanen arewa sun fi na kudu kallonsa nesa ba kusa ba, domin barkwancin da ke ciki na arewa ne. A 2010 mutane sun fito zanga-zanga a Guangzhou lokacin da aka ba da shawarar ƙara Mandarin a tashar talabijin ta birnin a gurbin Kantonis. Yaran da suka taso da Mandarin kaɗai suna iya cin abarba ko latas a gidan kaka ba tare da kunnensu ya kama dalilin ba, kuma al'adar da sai an yi wa mutum bayaninta ta fara rauni.

Ga mai harka da Sinawa, sabuwar shekara ta 2027 za ta kama ranar 6 ga Fabrairu. Hutun gwamnati mako guda ne da ’yan kai, amma masana'antu da yawa sukan yi mako biyu zuwa huɗu kafin su dawo daidai. Ka kammala odarka tun Disamba, kuma kafin ka aika gaisuwa ka tambayi abokin cinikinka daga wane lardi ya fito.