Ma'ajin kayan aikin garka: aro ba tare da faɗa ba

Damina ta wuce, an kai hatsi rumbu, hankali ya koma garka. Daga Galmi zuwa Jiratawa, daga Mirya zuwa Matamai, kowa na gyaran fangali. A wannan lokaci ne aron kayan aiki yake yawa tsakanin maƙwabta. A wannan lokaci ne kuma ake ɓatawa.

Kun san yadda abin yake. Wani ya ari buruwati don kai taki, ya maido ta da taya a sace. Wani ya ari injin ban ruwa, ya manta bai duba mai ba, injin ya ƙone. Mai injin ya rasa ruwa kwana huɗu, tumatirinsa ya zubar da fure. Kunya ta hana shi magana, amma daga ranar ya daina ba da aro. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, wanda ba ya iya sayen inji, shi ne ya fi cutuwa. Aro ba laifi ba ne. Abin da ya rasa shi ne tsari.

Mene ne ma'ajin kayan aiki?

Ɗaki ne guda inda masu garake na unguwa ɗaya ko fadama ɗaya suke ajiye kayan da suka saya tare. Kowa yana ɗauka ya yi aiki, ya maido a ranar da aka yanka masa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san gayya, mun san adashi, mun san bankin hatsi. Tun 1962 aka kafa UNCC don haɗa manoman Nijar cikin ƙungiyoyin haɗin kai. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani, garake suka yawaita a ƙasa. Garake sun ƙaru, buƙatar kayan aiki ma ta ƙaru.

Me za a sa a ciki?

Kada ku sa hauya, ko kalme, ko lauje. Waɗannan kowa yana buƙatarsu kullum, kuma maƙerin gari yana ƙera su da araha. Kowane gida ya riƙe nasa.

Abin da ya dace da ma'aji shi ne kaya mai tsada wanda ba a aiki da shi kowace rana: buruwati, shebur, manjagara, dagi, amalanke, famfon fesa magani, sikelin awon albasa, da igiyar awon fangali. Injin ban ruwa da tiyonsa su zo daga baya, in ƙungiya ta yi ƙarfi. Ku fara da ƙanana. Wanda ya iya riƙon shebur shekara guda ba gardama, shi ne zai iya riƙon inji.

Ina kuɗin za su fito?

Ga misali. A ce ku 20 ne. Kowa ya zuba dala 100 a wata. Wata ɗaya kun tara jika 10. Wata biyar kun tara jika 50. Ku tambayi farashi a kasuwa, ku sayi abin da ya fi matsa muku tukuna. Wanda yake da kaya mai kyau a gida yana iya sa shi cikin ma'aji a madadin kuɗi, bayan an yi masa ƙima gaban kowa.

Kuma kowane aro a biya ɗan abu, ko da dala 10 ne. Wannan kuɗin ba riba ba ce. Na gyara ne. Ƙarfe yana cinyewa, taya tana fashewa, ƙota tana karyewa. Ma'ajin da ba shi da asusun gyara ba ya wuce rani biyu da kayansa lafiya.

Wa zai riƙe?

Ku zaɓi mutum uku: mai riƙon makulli, mai riƙon kuɗi, da mai rubutu. Kada mutum ɗaya ya haɗa makulli da kuɗi, ko da amintacce ne. Wannan kariya ce gare shi daga zargi. Mata suna da fangalinsu na salati da shu da zogale, don haka a sa mace cikin ukun nan, a kuma ba su ranakunsu. A yi zaɓen gaban maigari, kowa ya shaida.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi amfani. Ku sami littafi guda, ku ja layi biyar: sunan mai aro, abin da ya ɗauka, ranar ɗauka, ranar maidowa, da halin da kayan yake ciki. Kowane kaya a sa masa lamba da fenti. In rubutu yana nan, ba wanda zai ce "ai haka na same shi".

Dokoki huɗu

1. A duba kaya gaban mai aro, lokacin fita da lokacin dawowa.
2. Wanda ya ara ba ya ba wani aro. Kaya ya koma ɗaki tukuna.
3. Abin da ya tsufa ya lalace, asusu ke gyarawa. Abin da sakaci ya ɓata, mai aro ke biya.
4. Wanda ya wuce ranarsa ya biya tara, ko ɗan maigari ne.

Wahalar da ta fi girma ita ce lokaci. Dashen albasa yana zuwa wa kowa tare, wajen Nuwamba da Disamba. Cirarta ma haka, wajen Maris da Afrilu. Kowa zai so buruwati a mako guda. Saboda haka ku zauna tun kafin aiki ya matso, ku yi ƙuri'a, ku rubuta layi. Wanda ya fara bana, shi ne na ƙarshe baɗi.

Kada kaya ya kai cuta garkar wani

Ƙasar da ta manne wa shebur tana ɗaukar cuta. Ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli suna tafiya cikin ƙasar nan daga garka zuwa garka. A kankare kaya, a wanke, a shanya a rana kafin a maido.

Famfon feshi ya fi kowane kaya haɗari. A ɗauraye shi sau uku bayan aiki, nesa da rijiya da mashayar dabbobi. Famfon da aka fesa maganin ciyawa da shi kada a fesa wa tumatir da shi, don ragowar maganin tana ƙona shuka. In da hali, a sami biyu, a shafa wa na ciyawa jan fenti. Kada a ba yaro shi.

Injin ban ruwa kuwa, a ɗora shi a hannun mutum ɗaya da ya koyi aikinsa. Shi zai duba mai kowace safiya, ya cika famfon da ruwa kafin ya tayar, ya rubuta awowin aiki don a san ranar juye. Mai aro ya kawo isansinsa.

In ƙungiya ta girma

Dokar OHADA ta 2010, wadda Nijar take ciki, ta yarda mutum biyar su kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin kai mai takarda. Da takardar nan kuna iya buɗe ajiya da sunan ƙungiya, ku nemi bashi tare. Malamin gona na yankinku zai nuna muku hanya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda. Ranar da kuka taru, kowa ya faɗi kayan da yake da su da wanda ya rasa, mai rubutu ya rubuta. Daga nan ake farawa. Garin da ya riga ya gwada, ya aiko mana da labari gidan rediyo, mu karanta wa sauran manoma.

Allah ya ba mu rani mai albarka.