Inshorar Lafiya a Nijeriya: Daga Mai Albashi Zuwa Manomi

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a yi bayani a kan gyaran da aka yi wa tsarin inshorar lafiya a Nijeriya, da kuma abin da ya sa har yanzu bai isa ga talaka ba.

Ita dai inshorar lafiya wani asusu ne da jama'a suke zuba kuɗi a ciki tun suna da ƙoshin lafiya, domin duk wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga abin da aka tara. Ta yi kama da adashi, sai dai ba a bin layi wajen kwasa, rashin lafiya ke zaɓen mai ɗauka.

Gwamnatin soja ce ta kafa dokar shirin a 1999, amma bai soma aiki ba sai a 2005, zamanin Shugaba Obasanjo. An tsara ma'aikaci ya ba da kashi 5 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Mai karatu zai lura cewa an ɗora ginin ne a kan albashi, saboda haka ma'aikatan gwamnatin tarayya da iyalansu suka fi cin moriyarsa. Aka shekara goma sha ana yi, waɗanda suka shiga ba su kai kashi 10 cikin ɗari na 'yan ƙasa ba.

Wannan ne ya jawo gyara. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Sa'an nan a 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu, watau irin su mata masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi.

To, amma wajabtawa daban, karɓa daban. Ma'aikaci ana yanke nasa tun kafin albashi ya shiga hannunsa. Manomi fa? Shi kuɗinsa na kaka ne, sau ɗaya a shekara, kuma ba ya bi ta kowane ofis. Haka mai tireda da mai koko. A ganina, muddin ba a daidaita lokacin biya da lokacin samu ba, dokar za ta tsaya a takarda.

Akwai kuma batun suna, wanda ya shafe mu ɗaliban Hausa. Mutane da yawa suna ɗari-ɗari da kalmar inshora, suna ganin ta da kamar caca ko rashin tawakkali. Jihar Kano ta kafa tata hukumar da dokar 2016, kuma a Hausa ana kiran shirin "taimakekeniya", kalmar da Bahaushe ya san ma'anarta tun daga aikin gayya.

Ko an shawo kan waɗannan, saura asibitin. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan ba. Likitoci suna ta ƙaura zuwa Ingila da Saudiyya. Mai kati yakan je asibitin shan-magani na ƙauyensu ya tarar da ma'aikaci ɗaya, a rubuta masa magani, a ce ya saya a kyamis da kuɗin aljihunsa.