Ƙurar da ke riƙe da tarihin sanyin duniya

Idan hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe fuskar wayarka, kai dai gogewa kake yi ka wuce. To ka san irin wannan ƙurar ce masana ke karantawa su gano yanayin da duniya ta shiga tun kafin a fara rubutu?

Mu leƙa arewacin ƙasar Sin. Akwai wani makeken tudu da kogin Huang He ya ratsa, wanda ƙura ce zalla da iska ta kwaso daga hamadar Gobi da maƙwabtanta ta jibge. Kusa da birnin Lanzhou kaurinta ya haura mita 300. A Luochuan, inda masanin ƙasa Liu Dongsheng ya yi fitaccen bincikensa, idan ka tsaya a bakin kwazazzabo za ka ga ƙasar hawa-hawa: rawaya, ja, rawaya, ja, fiye da sau 30. Tarihin shekara kusan miliyan 2.6 ke nan a gabanka.

Rawayan hawa na zamanin sanyi ne, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da na Amurka, fari ya yi tsanani, iska na ta zuba ƙura. Jan hawa kuwa alamar ɗumi ce: damina ta yi ƙarfi, ciyawa ta tsiro, ƙasa ta nuna, daga baya sabuwar ƙura ta binne ta.

Ya ake gane shekarun? Ƙwayar yashi na tara wani ƙarfi a cikinta tun daga ranar da aka raba ta da hasken rana. Shi ya sa ake ɗebo ƙasar a cikin bututu rufe ruf, a auna ta a ɗaki mai duhu. Girman ƙwayoyin na nuna ƙarfin iskar da ta kawo su, yadda ƙasar ke amsa maganaɗisu kuma na nuna yawan ruwan sama.

Kada ka ce abin na can nesa ne. Jigayin da ake nomawa a Jigawa da gabashin Kano tsofaffin tudun rairayi ne, waɗanda A. T. Grove ya yi rubutu a kansu a 1958. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Wajen shekara 7,000 baya kuma, Tafkin Chadi ya cika ya zama kamar teku. Busasshen gindinsa, wato kwarin Bodele, shi ke turo mana kaso mai yawa na ƙurar hunturu yau.

Ka ga ke nan iyakar hamada ba a kafe take ba, tana matsowa tana ja da baya. Yanzu da hayaƙin masana'antu ke ɗumama duniya cikin sauri, manomi da makiyayi na buƙatar sanin inda za ta dosa. Idan kana neman abin da za ka karanta a jami'a, ka duba ilimin ƙasa da na yanayi. Akwai aiki jibge a ƙarƙashin gonakinmu.