Kalmomin Wajabci a Ingilishi da Takwarorinsu na Hausa

A wannan sashe mun nazarci kalmomin da Ingilishi ke nuna wajabci da su, wato "must", "have to", "need" da "should", ganin yadda sukan rikita ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko.

Sau da yawa akan fassara "must" da "have to" da kalma guda, wato dole ko tilas. A jimla mai tabbatarwa wannan bai cika ɓata ma'ana ba, ko da yake akwai ɗan bambanci. Wanda ya ce "I must go" shi ne ya ɗora wa kansa tafiyar, amma mai cewa "I have to go" wani abu ne daga waje ya tilasta masa, kamar dokar makaranta ko umarnin shugaba. Wannan rarrabewa ta fi ƙarfi a Ingilishin Birtaniya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen korewa. "You must not enter" hani ne, ma'anarsa kada ka shiga. Ita kuwa "You don't have to enter" zaɓi take bayarwa: ba dole ba ne ka shiga. Haka ma "You need not enter", wadda Bahaushe zai ce ba sai ka shiga ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa "must" dole ce kawai, idan ya ga "not" a bayanta sai ya karanta ba dole ba ne, ya mayar da hani zaɓi. Kuskuren ba na ɗakin jarrabawa ba ne kaɗai, domin da "must not" ake rubuta gargaɗi a takardar magani. A ganinmu ya kamata manhaja ta gabatar da waɗannan jimloli a jere tun daga ƙaramar sakandare, kowace da takwararta ta Hausa.

Bugu da ƙari, "must" ba ta da sigar shuɗaɗɗen lokaci, sai a aro "had to". Takan kuma bar wajabci ta koma kintace: "He must be ill" na nufin lalle ba shi da lafiya, ba wai an wajabta masa ciwo ba.

"Should" da "ought to" ba su kai dole ƙarfi ba; ya kamata ce ta dace da su. Amma a lura da "You should have come", wato ya kamata a ce ka zo. Jimlar na ɗauke da zargi, domin tana nuna cewa wanda ake yi wa maganar bai zo ba.